Yisa Kallo-Ɗaya da Doyar Madam Magdalene

Duk wanda ya zauna a Tudun Wadan Minna wajen shekarar 1986 ya ce bai san Yisa Kallo-Ɗaya ba, to a duba masa kunne, don kafin a hango Yisa an riga an ji shi. Shi ne mai zanen barkwanci na Madubin Gari, wata 'yar mujalla da ke fitowa wata-wata tana kawo labarin bikin wane, sunan jikan wance, da wanda ya dawo daga Makka ko Landan. A shafi na bakwai Yisa yakan ɗauki babban mutum guda, ya kumbura masa kai, ya tsuke masa ƙafafu, ya ja masa hanci, sannan a rubuta sunansa a ƙasa. Sunan nan shi ne rufin asirin kowa. In ka rufe shi da yatsa, uwar da ta haifi mutumin ma ba za ta shaida shi ba.

Ilimin zanen nasa ta gidan waya ya zo daga Ikko, darasi goma sha biyu, ya tsaya a na biyar. Da bai samu takardar shaida ba, sai ya sa ambulan ɗin da darussan suka zo a ciki a gilashi ya rataye a bango. Ya sayi wata baƙar hula mai laushi da yake karkatawa gefe, da lofen da bai taɓa ganin taba ba. In ya cire lofen nan daga baki, to kowa ya san abin da zai biyo baya.

"Ni kallo ɗaya nake yi wa mutum. Na biyu ɓata lokaci ne."

Ran wata Litinin Mista Gabriel, editan mujallar, ya kira shi ofis, wani ɗaki a bayan shagon magani a Sauka Kahuta. Yisa ya tarar da Irimiya mai hoto zaune a kusurwa yana goge sabuwar kyamara da gefen riga.

"Yisa, zauna," in ji Mista Gabriel. "Wancan watan wa ka zana?"

"Ɗan kwangilar nan mai tumbi, Oga. Gari ya ɗauka."

"Gari ya ɗauka. Matar wani fasto ta zo nan tana kuka, wai ita ka zana."

"To ai kamanninsu ne ya zo ɗaya. Laifina ne?"

"Saurara. Madam Magdalene, shugabar mata masu sayar da doya, za su buɗe sabuwar rumfa ranar Asabar ta sama. Tana son babban zane a yaye a gaban taro, shi kuma za mu sa a bangon mujalla. In ta yi dariya, shafi na bakwai naka ne. In ba ta yi ba, na ba Irimiya ya cika shi da hotuna."

Shafin nan shi ne duk abin da Yisa yake taƙama da shi a duniya. Ba don shi ba, shi mai rubuta allon shago ne kawai, mai zana kaza a ƙofar gidan abinci. Amma ya murje ido ya nuna Irimiya da lofe.

"Wannan? Oga, kyamara fata take ɗauka. Ni hali nake ɗauka."

"Shi ya sa ba a gane fatar," in ji Irimiya, bai ko ɗago kai ba. "Ina da hoton Madam guda uku. In ba ka ɗaya ka riƙa dubawa?"

"Ka ba makafi."

Washegari da safe ya nufi kasuwar doya don ya yi kallonsa guda. Lokacin sabuwar doya ne, mata na ta shigowa daga ƙauyukan Chanchaga a jere, kowacce da ƙatuwar ƙwarya cike da doya a kafaɗa, hannu ɗaya tallafe da ita. Matan Gwari, ko Gbagyi yadda suke kiran kansu, ba sa ɗora kaya a ka. Sun ce kai shi ke ɗauke da tunanin mutum, nauyinsa ya ishe shi, ƙara masa wani cin mutunci ne. Wannan ko yaron goye a Minna ya sani. Yisa kuwa shekararsa tara a garin, kullum matan nan na wucewa ta gabansa, amma shi idonsa na kan wanda ke kallonsa.

Ya kutsa tsakiyar layin yana gyara hula. Doyar wata mata ta zungure hular ta faɗi cikin taɓo.

"Ke, ba kya gani ne?"

"Kai ne mai ido, kai za ka kauce," in ji matar, ta wuce abinta.

Ya tarar da Madam Magdalene zaune a kan benci tana rabon wurin zama a sabuwar rumfa. Mace ce kakkaura mai wushirya, wadda in ta yi gyaran murya dillalai ke miƙewa tsaye.

"Kai ne mai zane din?" ta tambaye shi.

"Ni ne, Mama. Babu na biyu daga nan har Kaduna."

"To ji. Ba na son ka zana ni da leshi da sarka. Ka zana ni yadda na fara. Shekara talatin da ya wuce, ni da kafa nake zuwa daga Chanchaga da doya na, ruwa da rana. Ina so yaran nan su gani."

"Mama, an gama."

"An gama? Ba za ka zauna ka duba ba? Ga mata suna shigowa, haka nake yi."

Yisa ya cire lofe, ya faɗi maganarsa ta kullum, ya juya ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

A gida ya tarar ba shi da ƙyallen da zai isa. Sai ya buɗe akwatin matarsa Aishat ya zaro farin zanen gado, na aurenta, wanda ba ta shimfiɗawa sai da salla. Ya roƙi ragowar fenti a wajen masu fentin mota, ya haɗa katako ya kafe zanen da ƙusa a tsakar ɗaki. Daga nan ya buɗe darasi na biyar, inda aka buga hoton wata mata mai zuwa kasuwa da kwando a ka. Ya kwafe ta tsaf, har da gammo, ya ƙara mata wushirya da ƙiba, ya jera doya tara a saman kanta. Ya ja da baya ya yi wa kansa tafi.

Aishat ta shigo da tuwo, ta ga zanen gadonta a miƙe, ta ajiye kwano a hankali.

"Baban Ndaman, wannan ba zanena ba ne?"

"Dā zanenki ne. Yanzu tarihi ne."

Ta ƙura wa aikin ido. "Madam ta kasuwar doya ce wannan? To ai doyar nan da ka ɗora mata..."

"Ta yi kaɗan, na sani. Shugaba guda da doya tara?" Ya tsoma burushi ya ƙara goma.

"Ba haka nake nufi ba, ai su..."

"Ke, kin yi kos ɗin zane?"

"Ban yi ba."

"To tuwo ya yi sanyi."

Kwana biyu bayan haka Ndanusa tela, maƙwabcinsa, ya shigo auna labulen da za a rufe zanen da shi. Yana ɗaga kai ya saki tef ɗin awo.

"Malam Yisa! Kayan nan fa..."

"Kai ma ka ga bai kai ba ko? Na faɗa wa Aishat."

"A'a, tsaya ka ji. Mace Bagwariya..."

"Tana da ƙarfi, na sani. Ndanusa, ni na taɓa zuwa shagonka na koya maka ɗinkin aljihu?"

Ya ƙara goma sha biyu. Tulin doya ya kai ƙarshen ƙyalle, sai ya koma akwatin Aishat ya ɗauko rigar teburinta ya sa Ndanusa ya haɗa a sama. Liman ya leƙo ya fara magana, ya samu ƙarin biyar. Mai shayin bakin layi ya leƙo, shi ma biyar. Kafin daren Alhamis doya ta kai arba'in da ɗaya, Madam na ƙasa tana murmushi.

Daga nan unguwa ta yi shawara ba tare da an zauna ba: kowa ya kama bakinsa. Ndanusa ya gaya wa masu ɗinki cewa ranar Asabar shago a rufe yake. Aishat ta wanke mayafinta ta goge, ta ce ita ma za ta je ta yi ban kwana da zanen gadonta.

Ranar Juma'a ya bar ƙofa a buɗe don fenti ya bushe, akuyar maƙwabta ta shiga ta cinye ƙafar Madam ta hagu har gwiwa. Yisa ya liƙe wurin da hannun tsohuwar rigarsa ya zana ciyawa a kai.

"Daga ƙauye take tafe, dole a ga ciyawa," in ji shi. "Akuyar nan ta fi wasu mutane fahimtar aiki."

Safiyar Asabar aka zo fitar da zane, ya ƙi fita. A cikin ɗaki aka haɗa shi, ga shi kuma ya ƙara tsawo da rigar tebur. Aka juya shi a tsaye, aka juya a kwance, aka gwada ta taga. A ƙarshe sai da aka cire ƙyauren da katakon ƙofa, da bulo biyu na sama.

"Baban Ndaman, yau a ina za mu kwana ba ƙofa?"

"Daga yau sai gidan sama, ke dai ki zuba ido."

"Shi zan je zubawa."

Aka ɗora zanen a amalanke, Yisa na tsaye a kai yana rungume da shi. Iskar hadari ta taso a hanya, labule ya cika ya kumbura, amalanke ya ƙwace daga hannun mai turawa ya gangara da Yisa yana ihu a kauce, har sai da tarin yashin wasu magina ya tare su. Ya sauko yana kakkaɓe wando ya ce da ma ya fi son isa da wuri.

Kasuwa ta cika maƙil. An kafa rumfuna, an jera kujeru, makaɗa na ta aiki, matan ƙungiya sun yi anko. Dattawa sun zo daga ƙauyuka, ga manyan baƙi a babban tebur da kwalaben lemo a gabansu. Mista Gabriel na kusa da Madam yana share gumi. Irimiya na gefe da kyamara a wuya. Mutanen Tudun Wada kuwa sun kama layin gaba tun kafin a gama shara.

Aka ba Yisa lasifika don ya yi magana minti ɗaya, ya yi ashirin. Ya ce a Ikko an so a riƙe shi ya ƙi. Ya ce akwai masu danna maɓalli su ce sun yi aiki, ya dubi Irimiya. Ya ce abin da ke bayan labulen nan, daƙiƙa uku kacal ya kalli Madam ya fitar da shi, kuma duk macen da ke wurin za ta ga kanta a ciki. Sannan ya kama igiya ya fizge.

Mai babbar ganga ne ya fara tsayawa, sauran suka bi. Wurin ya yi tsit. Wata tsohuwa a layin dattawa ta dafe ƙirji ta yi salati da yarensu, ta juya wa zanen baya. Yisa ya sunkuyo wajen Ndanusa.

"Ka gani? Sun rasa bakin magana."

"Zai dawo musu yanzu," in ji Ndanusa.

Madam Magdalene ta miƙe a hankali, ta tako har gaban zanen. Ta dube shi daga ciyawa har rigar tebur.

"Wannan mace, wane ne?"

"Ke ce, Mama. Ga wushirya."

"Ni ne? Kai, tun da uwana ya haife ni, wa ya taba ganin kaya a kaina? Uwana bai dora ba. Kakana bai dora ba. Kai ka zo rana daya ka dora mini gona gaba daya, a gaban yara na?"

Sai a lokacin Yisa ya waiwaya. A bakin rumfa ga mata sun fi ashirin tsaye da ƙorai a kafaɗa, sun tsaya kallo. Ya dube su, ya dubi zanen, lofe ya suɓuce daga bakinsa. Amma mai baki ba ya mutuwa da wuri.

"Mama, ba a kanki suke ba. Tudun doya ne can nesa a bayanki. Darasi na huɗu ke nan, nesa da kusa. Sai wanda ya yi karatu..."

"To gammon fa?" in ji Irimiya. "Shi ma can nesa yake?"

Mutanen Tudun Wada suka kece da dariya. Matan ƙungiya ba su yi ba, sun fara ɗaure zannuwa a ƙugu.

"A dakata, gyara kaɗan ne!" Yisa ya ruga bayan zanen. "In aka karkata shi haka, kayan zai sauko daidai kafaɗa. Oga, duba ta nan!"

Ya karkata, ƙusar ƙasa ta fita, zanen ya tafi gaba ɗaya ya kife a kan babban tebur. Kwalabe suka tarwatse, manyan baƙi suka watse. Ɗinkin da ya haɗa zanen gado da rigar tebur ya yage, kan Mista Gabriel ya ɓullo ta wurin, tabarau a karkace, tulin doyar zane a samansa.

"Yisa," in ji Mista Gabriel daga cikin ƙyalle, "Allah ya isa."

Matasan kasuwa suka yi kan Yisa, Madam ta ɗaga hannu suka tsaya.

"Kada kowa ya taba shi. Mutum mai ilimi ne. Shi ya ce kai zai iya daukar kaya, bari ya koya mana. A kirga doya din da ya zana."

Ndanusa bai bari an wahala ba. "Arba'in da ɗaya ne, Mama. A gabana aka yi."

Aka kawo ƙaton daro. Wata mata ta cire baƙar hular Yisa ta murɗe ta ta yi masa gammo da ita. Aka ɗora daro, matan suka yi layi, kowacce ta zaɓo doya daga ƙwaryarta, kuma wallahi ba wadda ta zaɓi ƙarama. Taro na ƙirgawa da ƙarfi, makaɗa suka dawo suna buga ganga ɗaya ga kowace doya.

A ta biyar Yisa na cewa ai wannan wasa ne. A ta tara, adadin da ya fara zana wa Madam, wuyansa ya shige cikin riga.

"Baban Ndaman," Aishat ta kira daga layin gaba, "ba ta yi kaɗan ba? Shugaba guda da doya tara?"

A ta goma sha huɗu gwiwoyinsa suka fara gaisawa da juna. A ta goma sha bakwai idanunsa suka firfito, harshe ya leƙo, hawaye na bin kumatu.

"Mama, don girman Allah! A sauko da shi kafaɗa! Kaina zai fashe!"

Madam ta matso ta leƙa fuskarsa a ƙarƙashin daro.

"Au, kai yana ciwo? To ga mata can. Ka gan su?"

"Na gani, Mama!"

"Sake dubawa."

Ya sake dubawa. Daidai nan Irimiya ya durƙusa a gabansa ya danna maɓalli. Madam Magdalene ta dubi ɗan tsukakken mutumin nan mai ƙaton daro a ka da ƙafafu kamar na fara, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Oga, ta yi dariya!" Yisa ya yi ƙara daga ƙarƙashin doya. "Kai ka ce in ta yi dariya!"

Mista Gabriel ya ci gaba da cire zaren rigar tebur daga wuya.

Sati uku Yisa bai iya waiwaye ba sai ya juya jiki duka, ɗakinsa kuma da tabarma aka rufe ƙofar. Da Madubin Gari ta iso daga maɗaba'a a Kaduna, kafin azahar ta ƙare a hannun masu sayarwa, abin da bai taɓa faruwa ba. A bango ga Madam zaune a bencinta, hoton Irimiya. A shafi na bakwai kuwa, cike da shafin, ga Yisa: kai ya kumbura da daro, ƙafafu sun tsuke, ido waje. Ndanusa ya sayi biyu, ya liƙa ɗaya a ƙofar shago.

Yisa ya daɗe yana kallon shafin da ya rasa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya duba ƙasan hoton, ya juya bayan takardar, ya sake dubawa. Sai ya ɗauki hularsa da har yanzu ba ta warware daga murɗewa ba, ya taka har Sauka Kahuta da wuya a sanƙare.

"Oga, shafi dai kun ƙwace, na bar ku da Allah. Amma ku ga irin aikin masu kyamara. Shekara shida ina riƙe da shafin nan, ban taɓa barin mutum ba suna ba. Ga shi wata ɗaya tak, kun manta ku rubuta sunana a ƙasa."

Mista Gabriel ya gyara tabarau ya ci gaba da rubutunsa.

"Ba mu manta ba, Yisa. Wannan karon ba a buƙata."